KAFIN ALƘALAMI BA AJIYA BA NE: RIKICIN MAYAR DA KUƊI A HAYAR MASAUKIN DOGON HUTU

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, lauya, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama. Sakatare ya ce mini minti talatin gare ni, kuma ya ajiye mai kaɗa ƙararrawa a kusa. Duk wanda ya yi wannan makaranta ya san ba a jayayya da ƙararrawa, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Batun da aka ba ni shi ne rikicin da ke tasowa idan mutum ya kama hayar gida ko ɗaki na wata guda ko fiye a wani gari, ya biya kuɗi, sa'an nan tafiyar ta fasu, ko ya je ya kasa ƙarasa zaman. Wani zai ce wannan ai matsalar masu hannu da shuni ce. Amma mu duba cikin wannan zaure. Akwai mai zuwa Umarar azumi da iyalinsa, akwai mai kai mahaifiyarsa jinya Alƙahira ko Indiya, akwai mai zuwa bikin kammala karatun ɗansa a Ingila, akwai kuma mai kai yara Abuja ko Legas hutun ƙarshen shekara. Zaman otal na wata guda ba kowane aljihu ne zai ɗauka ba, shi ya sa jama'a suka koma kama gida mai kayan ɗaki da madafa, inda uwargida za ta dafa abin da aka saba ci. Kuɗin da ake zubawa sau da yawa tarin shekaru ne, wani lokaci ma karo-karon dangi ne. Idan suka maƙale, har zumunci sukan taɓa.

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zama guda ɗaya ne. Shari'ar mayar da kuɗi ranar da aka biya ake yanke ta. Ranar da aka fasa tafiya, hukuncin kawai ake karanta wa mutum.

Abin da mai gida ya sayar

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu gane hajar da ake ciniki a kai. Mai sayar da buhun gero, idan ka fasa saye, geronsa na nan, gobe ya sayar wa wani. Mai masauki kwanaki yake sayarwa, kwana kuwa ba ya ajiyuwa. Daren da ya wuce ɗaki na kulle ya tafi ke nan har abada. Idan ka kama kwana biyu ka fasa, cike gurbinka ba wuya. Idan kuwa wata uku ka kama, to ka sa ya kori duk wanda ya zo neman ko da mako guda a cikin watannin nan, kuma galibi ya yi maka ragi saboda tsawon zaman. Ranar da ka ce ka fasa, sai ya waiwaya ya ga kasuwa ta watse.

Ashe ke nan fasa tafiya hasara yake haifarwa, hasarar kuwa dole wani ya ɗauke ta. Abin da ake kira ƙa'idar sokewa yarjejeniya ce a kan wanda zai ɗauki wannan hasara, da kuma rabon kowa a cikinta. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar kafin alƙalami kamar ajiya ce da suka ba amini, wadda za su karɓa duk ranar da suka so. Shi kuwa mai gida yana ɗaukar sa a matsayin ladan rufe ƙofarsa ga sauran masu nema. Daga wannan saɓanin fahimta ne yawancin rigingimun da ke zuwa ofisoshin lauyoyi suke tsirowa.

Rikicin ya girmi intanet

Kada mu zaci zamani ne ya kawo wannan. A shekarar 1902 an sa ranar 26 ga Yuni don naɗin Sarkin Ingila Edward na Bakwai, za a kuma yi jerin gwano a titunan Landan. Masu gidajen da ke bakin hanya suka shiga ba da hayar ɗakuna ga masu son kallo. Wani mai suna Henry ya kama ɗakunan wani Krell a titin Pall Mall na yini biyu a kan fam 75, ya ba da kafin alƙalami fam 25. Ana saura kwana biyu Sarki ya kwanta ciwo har aka yi masa tiyata, aka ɗage biki zuwa 9 ga Agusta. Henry ya ƙi biyan cikon fam 50, Krell ya kai ƙara. A 1903, shekarar da sojojin wannan Sarki suka ci Kano da Sakkwato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce Henry ba zai biya ba, domin kallon jerin gwanon shi ne ginshiƙin cinikin a wajen su biyun, ginshiƙin kuwa ya rushe ba da laifin kowa ba.

Sai dai wani mai suna Chandler bai yi wannan sa'a ba. Shi ma ɗaki ya kama don kallon, a kan fam 141 da sule 15, ya riga ya biya fam 100. A 1904 kotu ta ce fam ɗarin sun tafi, kuma sai ya biya cikon, saboda bisa yarjejeniyarsu lokacin biyan duka kuɗin ya yi tun kafin a ɗage bikin. Biki ɗaya, ciwo ɗaya, amma hukunci biyu, kuma abin da ya raba su shi ne ranar da kowa ya yarda zai biya. An zauna a kan wannan tsauri har 1942, lokacin da babbar kotun ƙasar ta sauya shi a shari'ar wani kamfanin ƙasar Folan da ya ba da fam 1,000 don sayen injuna yaƙi ya hana a kawo. A 1943 majalisarsu ta yi doka ta musamman a kan yadda za a raba hasara idan ciniki ya rushe ba da laifin kowa ba. Kotunanmu na Nijeriya sun gaji wannan ƙa'ida, suna kuma aiki da ita.

A lura da iyakarta. Tana aiki ne idan abin da ya faru ya rushe cinikin kansa. Idan gida na nan, hanya a buɗe, mai gida na jiran baƙonsa, kai ne wani uzuri naka ya riƙe, to a idon doka cinikin bai rushe ba.

Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da tattauna wannan. Kafin alƙalamin da ake cinyewa idan mai saye ya janye suna kiran sa arbun. Imamu Malik ya kawo hani a kansa a farkon babin ciniki na Muwaɗɗa, Hanafawa da Shafi'awa ma ba su yarda da shi ba, Hambalawa kuwa sun halatta. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai, ta amince da shi a ciniki da haya, muddin an ƙayyade lokacin jira. Fatawa ta malamai ce. Na kawo wannan ne don mu ga cewa tambayar wa zai ɗauki hasara tsohuwa ce, kuma manyan masana sun saɓa a kanta.

Yadda manyan dillalan zamani suke yi

Yau yawancin irin wannan haya ta hannun kamfanonin intanet ake kama ta. Akwai Vrbo da aka kafa a Amurka a 1995, da Booking.com na ƙasar Holan a 1996, da Airbnb da ya fara a San Faransisko a 2008. Dillalai ne, gidajen ba nasu ba ne, la'ada suke ci. Mai gida ne ke zaɓar ƙa'idar sokewa daga cikin waɗanda kamfani ya tsara, kai kuma da ka danna maɓallin biya ka sa hannu ke nan.

Bari in ɗauki Airbnb, tun da shi ya fi fayyace dogon zama. A wajensu kwana 28 ko fiye shi ne dogon zama, kuma ƙa'idarsa daban take da ta gajere. Yadda tsarin yake a 2024, ƙa'ida biyu ce. Ta farko, wadda suke kira Firm, idan ka soke ana saura aƙalla kwana 30 ka shiga gida, za a mayar maka da kuɗinka duka. Ta biyu, wadda suke kira Strict, ba ka samun kuɗinka duka sai ka soke cikin awa 48 da kamawa, kuma ana saura aƙalla kwana 28. A dukansu biyun, da zarar wa'adin ya wuce, za ka biya kwanakin da ka kwana, ka ƙara da kuɗin kwana 30 na gaba, ko abin da ya rage idan bai kai 30 ba.

Mu yi lissafi irin na aji uku. A ƙaddara wani ɗan uwa ya kama gida a Alƙahira na kwana 90 don jinyar mahaifinsa, a kan dala 30 kowane dare. Ba a karɓar dala 2,700 ɗin gaba ɗaya, kuɗin watan farko ake cira, saura kuma wata-wata. Idan ƙa'idar farko ce, ya soke ana saura kwana 35, ba ya rasa kuɗin haya. Ya soke ana saura kwana 10, dala 900 sun tafi ko ƙofar gidan bai gani ba. Idan ya je, Allah ya ba tsoho sauƙi aka sallame su bayan kwana 20, zai biya kwana 50, wato dala 1,500. Idan kuwa ƙa'ida ta biyu ce, ko da wata biyar ya rage, muddin ya kwana uku da kamawa, watan farko ya zama na mai gida.

Abu biyu ne suka fito daga wannan lissafi. Na ɗaya, wanda ya kama kwana 30 cif, kamar mai zuwa azumi, idan ya makara wajen sokewa babu ko anini da zai dawo, domin kwana 30 ɗin su ne duka zaman. Na biyu, dare ɗaya tak yana iya sauya shari'ar. Kwana 27 na ƙarƙashin ƙa'idar gajeren zama, wadda a gidaje da yawa ta fi sassauci nesa ba kusa ba, kwana 28 kuwa ya faɗa ta dogon zama. Ragin wata da ke jan hankalinmu, da wannan tsauri ake biyan sa. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Waɗannan kamfanoni sukan yi wa ƙa'idojinsu kwaskwarima lokaci-lokaci, wadda ta ɗaure ka ita ce wadda aka nuna maka ranar da ka biya. Don haka a ɗauki hotonta a ajiye.

Kada kuma wani ya dogara da abin da ya ji cewa a Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 na sake shawara. Gaskiya ne akwai wannan haƙƙi a dokar Tarayyar Turai ta 2011 da ta Ingila ta 2013, amma dukansu sun cire masaukin da aka kama don ƙayyadaddun ranaku.

Uzurin da ake karɓa da wanda ba a karɓa

Shekarar 2020 ta koya wa duniya darasi. A ranar 27 ga Fabrairu Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga waje saboda annobar korona, Hajjin shekarar kuwa 'yan tsiraru mazauna ƙasar ne suka yi. A watan Maris Airbnb ya tsallake ƙa'idojin masu gidaje ya mayar wa baƙi kuɗinsu. Masu gidaje suka yi ca a kansa, har ya ware dala miliyan 250 don ya ba su kashi 25 cikin ɗari na abin da ƙa'idarsu za ta ba su. A Ingila kuwa sai da hukumar kula da gasa da kasuwanni ta sa baki a tsakiyar shekarar kafin wasu manyan kamfanonin gidajen hutu suka yarda su mayar da tsabar kuɗi ga waɗanda dokar kulle ta hana zuwa.

Daga nan ne mutane suka ɗauka cewa duk wani uzuri mai ƙarfi yana jawo mayar da kuɗi. Abin da ya biyo baya akasin haka ne. Daga Janairun 2021 Airbnb ya cire uzurin ƙashin kai, irin rashin lafiya da rasuwa, daga jerin abin da yake tilasta wa mai gida ya yafe. A Yunin 2024 ya sake fasalin tsarin a kan manyan al'amuran da suka shafi jama'a duka: annobar da hukuma ta ayyana, dokar hana zirga-zirga, yaƙi, bala'i irin na girgizar ƙasa, da ɗaukewar wuta ko ruwa a yanki baki ɗaya.

To, 'yan uwa, mu tambayi kanmu, me ya fi hana ɗan Nijeriya tafiya? Hana biza, ko jinkirinta, ko soke jirgi, ko ciwo, ko rasuwa a dangi, ko maigida a ofis ya janye hutu. Waɗannan duka uzurin ƙashin kai ne a wajen dillalan nan. Wato ramin da muka fi faɗawa shi ne wanda ba a yi wa murfi ba. Kuma mun ga yadda ƙofa ke rufuwa ba sallama. A farkon Disambar 2021 Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana baƙi shiga daga cikinsu, ana tsakiyar shirin hutun ƙarshen shekara, ta janye bayan kwana tara. A Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, kamfanin jirgin Emirates ma ya dakatar da zuwa. Biza ba ta dawo ba sai Yulin 2024, jirgin kuma sai Oktoban shekarar.

Saboda haka tsarin da ya fi tsira shi ne biza tukuna, sa'an nan gida. Ofishin bizar Ingila da kansa ya bayyana cewa takardar kama otal ba ta cikin hujjojin da yake bukata daga mai ziyara. Inda kuwa ake neman shaidar masauki kafin biza, kamar ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya, ko Saudiyya da ta shar'anta kama masauki mai lasisi kafin bizar Umara tun Yunin 2025, sai a nemi wanda ake iya sokewa kyauta, ko a sa wakilin tafiya ya rubuta ƙarara abin da zai dawo idan biza ba ta fito ba. Mai niyyar sayen inshorar tafiya kuma ya karanta ya ga ko ta ambaci hana biza da ciwon da ake da shi tun da, domin da yawa suna cire su.

Idan laifin daga mai gida ne

A nan baƙo yana da ƙarfi, in ya san yadda zai riƙe shi. Idan mai gida ne ya soke, kuɗinka duka za su dawo, shi kuma kamfani ya ci shi tara. Don gudun wannan tara ne wasu ke kiran baƙo da murya mai daɗi su ce, don Allah ka soke daga wajenka, zan mayar maka. Kada a yarda. Da ka danna sokewa da hannunka, a rubuce kai ne ka fasa, ƙa'idar kuma a kanka za ta hau.

Idan ka isa ka tarar gidan ya saɓa da hoto, ko ba ruwa, ko na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, ko ɗaki biyu ne maimakon uku, Airbnb tun 2022 ya ba da awa 72 daga lokacin da ka ga aibin ka kai ƙara. A nan ne kunya da kawaici, waɗanda ado ne a gida, suke cutar da mu. Mutum zai yi shiru mako biyu yana cewa kada a ga rashin haƙurinsa, ranar da tura ta kai bango ya kwashe kaya ya fita, sa'an nan ya nemi kuɗi. A wajen mai yanke hukunci, wanda ya kwana goma sha huɗu bai ce uffan ba ya yarda da gidan ke nan. A ɗauki hoto da bidiyo ranar shiga, a rubuta wa mai gida ta cikin manhajar kamfanin, cikin ladabi, a ba shi damar gyara. Maganar waya iska ce, ba ta zama shaida.

Babban tarko kuma shi ne biya ta bayan fage. Mai gida zai ce ka turo kuɗin asusuna kai tsaye in rage maka la'adar kamfani. Amfanin dillalin nan shi ne yana riƙe kuɗin, galibi ba ya sakar wa mai gida sai bayan baƙo ya shiga. Ka tsallake shi, ka tsallake mai raba ku, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan damfara masu tallar gidan da babu shi suke shigowa.

Hanyar da kuɗi ke bi su dawo

Ko an yarda za a mayar, da sauran rina a kaba. Kuɗi ta katin da aka biya da shi suke komawa. Daga 2022 bankunanmu da yawa sun hana amfani da katin naira a waje, sai tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, don haka jama'a suka saba biya da katin ɗan uwa ko na ɗan canji. Ranar mayarwa kuɗin asusun wancan za su faɗa, rikici na biyu ya tashi. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba ɗan canji naira aka biya masa dala, me za a mayar masa, nairar da ya bayar ko dalar da ta dawo? Na ga aminan shekara talatin sun daina gaisawa a kan wannan tambaya. A yanke ta tun ranar biya, a rubuce, ko da a saƙon waya ne.

Akwai kuma damar kai ƙara banki a janyo kuɗin daga wanda aka biya, galibi cikin kwana 120. Wannan na wanda aka karɓi kuɗinsa ba a ba shi abin da ya saya ba ne. Wanda ya fasa don kansa bayan ya amince da ƙa'ida, da wuya ya ci.

A nan gida Nijeriya

Wanda ya kama gida a Abuja, Legas, Kano ko Kaduna yana da garkuwar da mutane ƙalilan suka sani. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, a sashe na 120 ta ba mai saye ikon soke abin da ya kama tun da wuri, mai kaya kuma ya cire abin da hankali zai ɗauka. Wajen auna wannan ana duba tsawon sanarwar da aka bayar da yiwuwar samun wani mai saye. Sashen ya kuma hana cire komai idan rasuwa ko kwanciya asibiti ce ta hana wanda aka kama dominsa zuwa. A 2022 Babbar Kotun Jihar Inugu ta yanke cewa rubutun nan na ba a mayar da kuɗi bayan biya ya saɓa wa wannan doka, ta sa wani kamfanin motocin haya ya biya fasinja diyyar naira 500,000 a kan kuɗin mota naira 500. Hukumar FCCPC ce ke karɓar irin waɗannan koke-koke. Ƙarfin wannan doka a cikin gida yake. Ba za ta ƙwato maka kuɗi daga mai gida a Dubai ba.

Idan ƙa'ida ba ta gefenka

Saura hanya ɗaya, ita ce ta sulhu, abin da malamai ke kira iƙala, wato mai kaya ya yafe ciniki don raɗin kansa. Ita roƙo ce, don haka zagi da barazanar lauya ba su da wuri a cikinta. Ka sanar da wuri, domin kowane yini da ka ƙara masa dama ce ta samun wani baƙo. Ka soke ka sakar masa kwanakin, ka nemi ya yi maka alkawari a rubuce cewa duk daren da ya samu wani zai mayar maka da kuɗinsa. Ko ka nemi a ɗaga ranakun zuwa gaba, ko a raba hasarar biyu. Mai gida da yawa zai karɓi ɗaya daga cikin waɗannan, don ba ka ce ya ɗauki kayan shi kaɗai ba.

'Yan uwanmu masu ba da irin wannan haya, ku ma ga naku. Ku rubuta ƙa'idarku a fili kafin ku karɓi kuɗi. Idan baƙo ya fasa kuka samu wani ya shiga, cin kuɗin dare ɗaya sau biyu ba riba ba ce, haƙƙin wani ne.

Kammalawa

Kafin kowa ya biya, ya samo amsar tambaya biyar a rubuce. Wace rana ce ta ƙarshe da zan soke in samu kuɗina duka, kuma da agogon wane gari? Nawa zan rasa bayan wannan rana? Nawa zan biya idan na tashi kafin wa'adi? Idan aka hana ni biza ko ciwo ya kama ni, me zai dawo? Ta wane asusu kuɗin za su dawo, kuma da wane irin kuɗi? Wanda ya kasa ba ka amsa alhali kuɗi na aljihunka, ba zai ba ka ba bayan sun koma nasa.

Ina kuma ba shugabanni shawara, tun da Allah ya albarkaci ƙungiyar nan da lauyoyi da ma'aikatan banki da wakilan tafiye-tafiye, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti wanda duk ɗan ƙungiya zai iya tura wa takardar haya a duba masa kafin ya biya. Aikin minti goma ne, kuma ni na ba da sunana tun yanzu. Rigakafi ya fi magani.

Na hango mai ƙararrawa ya miƙe. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.